Gidan Silima a Lungun Ɗaki: Kallo Ba Data, Ba Intanet

Ranar Alhamis, 14 ga Maris, 2024, a makon farko na azumin Ramadan, manyan wayoyin intanet huɗu da ke shimfiɗe a ƙarƙashin teku suka lalace daura da gaɓar Kwaddibuwa: WACS da MainOne da SAT-3 da ACE. Sabis ya shiga tangal-tangal daga Najeriya har Ghana da Laberiya. Tura kuɗi ta waya ya gagara a wasu bankuna, masu bin tafsiri ta YouTube kuma suka yi ta kallon da'ira tana juyawa a allo. Sai da aka ɗauki makonni kafin jiragen ruwa masu gyara su kammala aikinsu.

Akwai wani tsarin kallo da irin wannan katsewa ba ta taɓa shi. Kwamfuta guda ake ajiyewa a wani lungu na gida, a loda mata fina-finai da karatuttuka da bidiyon biki. Daga nan duk waya ko talabijin da ke gidan sai ta riƙa jawo abin da take so ta Wi-Fi, tana nunawa nan take, ba tare da an cika ma'ajiyarta ba. Ita wannan kwamfuta ake kira uwar garke. Maigida na falo yana kallon tsohon fim ɗin Ibro, uwargida na sauraren karatun Alƙur'ani a kicin, yara na kallon katun a ɗakinsu, duk a lokaci guda, kuma ko kwabo na data bai fita ba.

Wi-Fi daban, intanet daban

Abin da ke rikita mutane da yawa shi ne ɗaukar Wi-Fi da intanet a matsayin abu ɗaya. Wi-Fi hanya ce kawai da na'urori ke magana da juna ta iska a ɗan taƙaitaccen wuri. Intanet kuwa ita ce hanyar da ta fita daga gidan zuwa sauran duniya, kuma ita ake biya wa kuɗi. Idan aka zare layi daga rauta, wato na'urar da ke watsa Wi-Fi a gida, ko data ta ƙare, rautar ba ta mutu ba. Tana nan tana raba wa kowace na'ura lambar adireshi, irin mai farawa da 192.168, tana kuma kai saƙo daga wannan zuwa waccan. Waɗannan lambobi tun 1996 aka tsayar da ƙa'idar keɓe su don amfanin cikin gida da ofis, ba sa fita waje.

Duk wanda ya taɓa tura fim ta Xender ya riga ya yi amfani da wannan dabara, domin Wi-Fi ce ke aiki tsakanin wayoyin biyu. Bambancin shi ne, a Xender ana kwafe fim ɗin gaba ɗaya ya zauna a waya. A tsarin uwar garke kuwa fim ɗin yana nan wuri guda, ana aiko shi kaɗan-kaɗan daidai gwargwadon yadda ake kallo.

Lissafin ma ya nuna ribar. Kamfanin Netflix da kansa ya bayyana cewa kallon awa ɗaya a hoto mai kyau na HD na iya cin gigabait 3, na 4K kuma har gigabait 7. Ke nan mutum biyar a gida ɗaya, idan kowa ya kalli fim mai awa biyu a wayarsa, suna iya ƙone gigabait 30 a kan abu guda. Gida ne mai rijiya a tsakar gida, amma kullum ana kiran 'yan garuwa. Kuma tun watan Janairun 2025, da hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari, wannan lissafi ya ƙara nauyi a aljihun magidanta a Najeriya.

Kayan aikin

Abu uku ake buƙata: kwamfuta, da rauta, da faifan ajiya. Tsohuwar laftof da aka jingine ta isa, har ma ta fi dacewa da inda wuta ba ta tsayawa, tunda batirinta na riƙe ta idan an ɗauke. Wasu kuma sun fi son Raspberry Pi, 'yar ƙaramar kwamfutar da aka fito da ita a Ingila a 2012 a kan dala 35, wadda ba ta wuce tafin hannu ba. Samfurinta na huɗu, na 2019, cajarsa ta wat 15 ce, kuma da wuya ya cinye hakan duka, don haka ƙaramar sola na iya ɗaukarsa tare da rauta dare da rana.

Faifai mai terabait ɗaya na ɗaukar fina-finai sama da 600 idan kowanne gigabait ɗaya da rabi ne. Wajen gudu ma babu matsala. Netflix na neman megabit 5 ne kacal a daƙiƙa don hoton HD, alhali ko tsohuwar rauta mai ramin kebul na megabit 100 ta ninka hakan sau ashirin. Shi ya sa ake ba da shawarar a haɗa uwar garke da rauta ta kebul, a bar iska ga wayoyi. A gidan da ke da bango mai kauri ko sassa da yawa, zangon Wi-Fi na 2.4 ya fi ratsa bango, na 5 kuma ya fi gudu amma ba ya nisa.

Manhajar da ke tafiyar da komai

Dabarar ta girmi YouTube. A 1996 wasu ɗalibai a makarantar injiniya ta École Centrale da ke Faransa suka fara wani aiki na aika bidiyo ta wayoyin da suka haɗa ɗakunan kwanansu, suka sa masa suna VideoLAN. Daga wannan aikin ne aka samu VLC, manhajar nan mai alamar mazubin lemo-lemo na kan titi, wadda aka sake ta kyauta ga kowa a 2001. Har yau VLC ta waya tana da sashen da ke lalubo uwar garke a cikin gida, ko da yake masu amfani da ita da yawa ba su taɓa buɗe shi ba.

A 2003 kamfanoni irin su Sony da Intel suka haɗa ƙungiyar da daga baya aka sani da DLNA, don talabijin da kwamfuta da waya na kamfanoni daban-daban su riƙa gane juna. Ƙungiyar ta rushe a 2017, amma ƙa'idarta na nan cikin talabijin masu yawa. Ita ce hanya mafi sauƙi: a kunna ta a kwamfuta, talabijin ya ga jerin fayiloli, a danna a kalla. Ba ta da ado, ba ta kuma tambayar kalmar sirri, don haka duk wanda ya hau Wi-Fi ɗin gidan yana ganin komai.

Masu son tsari mai kyau, da hoton kowane fim da tuna inda aka tsaya jiya, sukan zaɓi Plex ko Jellyfin. A nan ne gizo ke saƙar. Plex, wanda ya samo asali daga manhajar XBMC ya kuma ɗauki sunansa a 2008, yana da sauƙin kafawa, amma yana son a shiga da asusu ta shafin kamfanin. Ranar da intanet ta yanke, mutum na iya samun kansa a kulle a waje, ga fim a faifansa a ɗakinsa amma manhaja ta ƙi buɗewa. Akwai wurin da ake rubuta adiresoshin gida da aka yafe wa tantancewa, sai dai dole a yi hakan tun intanet na nan. A watan Afrilun 2025 kamfanin ya mayar da kallo daga wajen gida na kuɗi, ya bar na cikin gida kyauta.

Jellyfin kuwa ɓacin rai ne ya haife shi. A watan Disambar 2018 masu manhajar Emby suka rufe lambobin shirinsu da a da kowa ke iya gani da gyarawa. Wasu 'yan sa-kai suka ɗauki kwafin da ke buɗe suka ci gaba da shi da sabon suna. Ba a biya, ba kamfanin da ake neman izininsa, sunan kowa da kalmar sirrinsa suna cikin kwamfutar gidan. Buɗe burauza kawai ake yi, a rubuta adireshin uwar garke, a ƙara lamba 8096 a ƙarshe. Iyaye na iya buɗe wa yara asusunsu daban, wanda ba ya ganin komai sai abin da aka ware musu.

Inda ake tuntuɓe

Wayoyi na da wata ɗabi'a: idan suka ga Wi-Fi ba intanet, sai su sulale su koma datar layi, uwar garke ta ɓace. Maganin shi ne a kashe data, ko a amsa wa wayar cewa ta zauna a haka. Rauta ma takan sauya wa kwamfuta adireshi bayan an ɗauke wuta an dawo da ita, sai an shiga saitinta an kafe mata lamba guda. Wasu na'urorin, irin su Chromecast, an gina su ne a kan dogaro da intanet, ba sa jin daɗin aiki idan babu ita. Hotunan fina-finai da taƙaitaccen labarinsu kuma daga intanet manhaja ke ɗebo su, don haka sai an haɗa ta sau ɗaya ta kwaso ta adana.

Sai matsalar nau'in fayil. Bidiyon da aka matse da tsarin H.264 kusan kowace na'ura na karanta shi. Na H.265 ya fi ƙanƙanta, amma tsofaffin wayoyi da talabijin ba su san shi ba. Idan haka ta faru, uwar garke ce ke sauya fim ɗin yayin da ake kallo, aikin da ke sa ƙaramar kwamfuta ta yi zafi, hoto ya riƙa tsayawa. Gara a sauya shi tun kafin a loda.

Zafin bazara da ƙurar hunturu ma abokan gaba ne, haka yankewar wuta ana tsakiyar rubutu a faifai. Fim ana iya sake samunsa, amma bidiyon ɗaurin aure ko muryar kaka da ta rasu, idan faifan ya mutu sun tafi ke nan. Irin waɗannan sai an yi musu kwafi na biyu a wani faifan, an ajiye shi daban.

Me za a loda? Abin da aka sauke a cikin manhajar Netflix a kulle yake, ba ya fita. Abin da ke shiga shi ne wanda mutum ya ɗauka da kansa, ko ya saya, ko masu shi suka sake shi kyauta, kamar yawancin wa'azi da karatun malamai. 'Yan Kannywood sun daɗe suna kuka da satar fasaha, tun zamanin faifan CD har zuwa na masu tura fim a memori, kuma sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a Najeriya a 2023 ta shafi abin da ake yaɗawa ta na'ura. Ajiye fim a uwar garke bai halatta kwafin sata ba.

Daga gida zuwa makaranta da unguwa

Tsarin bai tsaya a nishaɗi ba. Wani Ba'amurke mai suna Cliff Missen ya koyar a Jami'ar Jos a ƙarshen shekarun 1990, ya ga yadda rashin intanet ke hana malamai da ɗalibai samun littattafai. Da ya koma Jami'ar Iowa, sai shi da abokan aikinsa suka fito da eGranary: faifai cike da littattafai da mujallu da kwafin shafuka, wanda ake ɗorawa a kan wayoyin cikin makaranta. Manhajar Kiwix, da aka fara a 2007, tana yin irin wannan da Wikipedia, har da ta Hausa, ta yadda aji guda zai iya bincike daga kwamfuta ɗaya.

A Havana, babban birnin Kyuba, matasa sun kai abin har matakin unguwanni. Sun ja kebul daga rufi zuwa rufi suka gina SNET, inda dubun-dubatar mutane ke wasanni da hira da musayar fayiloli ba tare da intanet ba, har zuwa 2019 da gwamnati ta fito da sababbin dokoki ta mayar da ita ƙarƙashin cibiyoyin kwamfuta na hukuma.

Ga mai son farawa a gidansa, masu harkar suna da gwaji ɗaya da suke yi kafin su yarda aiki ya kammala. Bayan an kafa komai, sai a zare layi daga rauta, a kashe data a kowace waya, a kashe rautar da kwamfutar a sake kunna su, sannan a bi na'urorin gidan ɗaya bayan ɗaya ana buɗe fim. Wadda ta nuna ta wuce. Wadda ta tsaya tana neman asusu ko sabis, ita ce za a gyara wa saiti, ko a sauya mata manhaja, tun intanet tana nan.