Ko Kun Sani? Asirin Yajin Albasar Aliero

Ko kun sani cewa yajin nan da ke sa mai yankan albasar Aliero hawaye, asalinsa farar wuta ce, wadda saiwa ke tsotsowa a narke cikin ruwan fadama? Haƙiƙa shuka ba ƙasa take ci ba, sinadaran da Allah Ya ajiye cikin ƙasar take sha, shi ya sa a 1938 malamai biyu na Jami'ar Kalifoniya, Hoagland da Arnon, suka wallafa gwargwadon abin da za a narkar a ruwa a rayar da tsiro ba tare da ƙasa ba. Sai dai kiyaye mizani wajibi ne, domin idan manomi ya yawaita takin yuriya bayan albasa ta soma kai, wuyanta zai yi kauri, ta ƙi bushewa, ta ruɓe a ajiye tun kasuwa ba ta yi daraja ba.