Harshen Damfarar Kafin-Alƙalami a Wasiƙun Imel: Tsokaci a Kan Birnin Gombe

1.0 Gabatarwa

Damfara sana'a ce da jarinta magana. Ɗan damfara ba ya fasa ƙofa, ba ya zare makami. Kalmomi yake sarrafawa har mai dukiya ya miƙa masa ita da hannunsa. Wannan ne ya sa lamarin ya shafi masanin harshe kamar yadda ya shafi alƙali. Manufar wannan maƙala ita ce fito da siffofin harshen wasiƙun damfara da ake aikowa ta imel, da nuna yadda za a gane su a kauce musu. An zaɓi Gombe saboda matsayinta na cibiyar kasuwanci da ilimi wadda ta bunƙasa tun da ta zama babban birnin jiha a 1996, kuma Hausa ce harshen da ke haɗa Fulani da Tera da Tangale da Bolawa da sauran mazaunanta.

2.0 Ma'ana da Asali

A al'adar Bahaushe, kafin-alƙalami shi ne ɗan abin da ake fara bayarwa kafin a soma aiki. A wannan damfara kuwa, kafin-alƙalamin shi ne duk cinikin: a yi wa mutum alkawarin dukiya mai yawa, a nemi ya biya kaɗan domin a sako ta, alhali dukiyar babu ita.

Sunan da ya fi shahara, wato fo-wan-nain, ya samo asali ne daga sashe na 419 na kundin dokokin laifuffuka da ake aiki da shi a Kudancin Nijeriya. A kundin Final Kod na Arewa, sashe na 320 ne ya fayyace laifin cuta. Duk da haka lambar Kudu ce ta shigo Hausa, har ta haifar da "ɗan fo-wan-nain". Wannan misali ne na aron kalma wanda bai bi hanyar hukuma ba, sai ta bakin jama'a.

Dabarar ta girmi intanet. A ƙarni na 19 an yi ta aika wa mutane a Turai da Amurka wasiƙun wani attajiri da aka ce yana tsare a kurkukun Sifen, yana neman kuɗin fansa. A Nijeriya abin ya yi ƙamari daga shekarun 1980, ta gidan waya da na'urar faks, kafin ya koma imel. Tsakanin 1995 da 1998 Emmanuel Nwude da abokansa suka raba Banco Noroeste na Burazil da dala miliyan 242 da sunan kwangilar gina filin jirgin sama a Abuja; an yanke masa hukuncin ɗauri a 2005. Bayan rasuwar Janar Sani Abacha a 1998 ma an watsa wasiƙun ƙarya masu yawa da sunan iyalinsa.

3.0 Ƙirar Wasiƙar

Wasiƙar damfara tana da gaɓoɓi biyar waɗanda ba su cika sauyawa ba: gaisuwa, gabatar da kai, romon baka, neman sirri da gaggawa, sannan buƙatar kuɗi. Misalan da ke biye an tsara su ne a kan wannan ƙira:

(1) Bayan gaisuwa, na sami sunanka a matsayin mutum mai amana.
(2) Maigidana ya rasu ya bar kuɗi a banki, ina so a gina masallaci da gidan marayu.
(3) Kada ka gaya wa kowa, don maƙiya sun yi yawa.
(4) Ka tura kuɗin rajista kafin ƙarfe goma sha biyu na gobe.

A (1) an yabi mai karatu ba tare da an ambaci sunansa ko wanda ya ba da labarinsa ba, domin wasiƙa ɗaya ce aka aika wa dubban mutane. A (2) an haɗa tausayi da addini da kwaɗayi a jimla guda. Aikin (3) shi ne raba mutum da masu ba shi shawara, na (4) kuma hana shi lokacin tunani. Idan ya biya, sai wata buƙata ta biyo baya: kuɗin haraji, ladan lauya, kuɗin takardar shaida. Kowane biya yana jawo na gaba, saboda wanda ya zuba kuɗi yana ƙyashin ya bar su su tafi a banza.

A gari irin Gombe romon yakan ɗauki launin wurin. Ɗalibin Jami'ar Jihar Gombe ko na Jami'ar Tarayya ta Kashere za a yi masa tayin tallafin karatu a ƙasar waje. Wanda ya gama makaranta za a kawo masa gurbin aiki da sunan wata hukumar gwamnati, ɗan kasuwar Tudun Hatsi kuma kwangilar masara ko wake. Dattijo kuwa, kujerar Makka. Wannan ƙira ce kuma ake ji a bakin masu bugo waya cikin dare da sunan aljanu suna neman kuɗin turare.

4.0 Alamomin Harshe

Wasiƙar da aka juyo daga Ingilishi da na'ura takan tona asirin kanta ta fuskoki uku. Na farko shi ne rikicewar jinsi: Ingilishi ba ya bambanta namiji da mace a wakilin suna na mutum na biyu, don haka a ga "ka" da "ki" suna musanya a kan mutum ɗaya. Na biyu shi ne gaisuwar da ba ta Hausa ba, kamar "masoyi aboki" a inda Bahaushe zai yi sallama ya tambayi iyali. Na uku shi ne cunkoson rantsuwa da muƙamai, alhali takardar hukuma ba ta rantsuwa.

Sai dai akwai hanzari guda biyu. A 2012 Cormac Herley na kamfanin Microsoft ya kawo hujjar cewa labarin da ya wuce hankali yana yi wa ɗan damfara aikin rariya: mai wayo zai watsar, wanda ya amsa shi ne mai saukin kamu. Bugu da ƙari, tun daga 2022 na'urorin ƙirƙirarriyar basira sun sauƙaƙa rubuta wasiƙa mai tsabtar nahawu. Ke nan kuskure shaida ne, amma rashin kuskure ba ya wanke wasiƙa. Abin da ba ya ɓoyuwa shi ne ƙirar: alkawari babba, biya tukuna.

5.0 Hanyoyin Kariya

Matakin farko shi ne duba adireshin da wasiƙa ta fito. Na hukumomin gwamnatin Nijeriya yana ƙarewa da .gov.ng, na jami'o'i kuma da .edu.ng, wanda ya rubuto da sunan ma'aikata ta adireshin Gmail ko Yahoo abin tuhuma ne. Na biyu, ba a cin gasar da ba a shiga ba, ba a kuma gadon wanda ba a haɗa jini ko aure da shi ba. Na uku, banki ba ya neman lambar sirrin kati ko lambar tabbatarwa ta imel ko waya. Na huɗu, a karya sharaɗin sirri: a nuna wa wani wasiƙar, a taka zuwa ofishin da aka ambata.

Wanda aka riga aka cuta ya daina biya nan take, ya sanar da bankinsa, ya adana saƙonni da rasit, ya kai ƙara ga 'yan sanda ko ofishin shiyya na Hukumar EFCC da ke Gombe. Dokar 2006 kan wannan damfara, wadda ta gaji Dokar Soja mai lamba 13 ta 1995, ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 20. Kunya ce ke hana mutane da yawa kai ƙara, shirunsu kuma shi ne garkuwar ɗan damfara.

6.0 Kammalawa

An ga cewa wannan damfara ta sauya hanya daga gidan waya zuwa imel, amma ƙirar zancenta tana nan yadda take. Saboda haka akwai aiki a gaban masana harsunan Nijeriya: tattara irin waɗannan saƙonni cikin Hausa da Fulfulde da sauran harsuna, daidaita kalmomin faɗakarwa, da shigar da nazarin su cikin darasin rubutun wasiƙa a makarantu. Magabata sun riga sun taƙaita darasin da suka ce banza ba ta kai zomo kasuwa.