Littattafan Yara da Zaman Tare a Jega, Aliero da Maiyama

Duk wanda ya shiga kasuwar Jega ranar da take ci zai ji harsuna iri-iri suna tashi. Ga Bafillace da shanunsa, ga Bazabarme, ga Badakkare daga ƙasar Zuru, ga Bayarabe da Ibo da suka daɗe da kafa rumfuna. Haka abin yake a Aliero lokacin albasa, sa'ad da fatake ke zuwa daga nesa su yi lodi, haka kuma a Maiyama da ke kan hanyar Yawuri. Yaron da ya tashi a waɗannan garuruwa ya san mutanen nan tun kafin ya san baƙi da wasali. Abin tambaya shi ne, in ya buɗe littafin karatunsa, yana samun su a ciki? In kuwa ya same su, a wace kama?

Turawa sun daɗe suna wannan muhawara. A 1965 wata malama a Amurka, Nancy Larrick, ta duba littattafan yara 5,206 da aka buga tsakanin 1962 da 1964, ta tarar 349 ne kaɗai ke da baƙar fata a ciki. A nan gida kuma, Chinua Achebe ya ba da labarin yadda ya ga littattafan da aka saya wa 'yarsa suna nuna mutumin Afirka a wulaƙance, wannan na cikin abin da ya sa ya rubuta wa yara Chike and the River a 1966.

To amma a ƙasar Kabi ba maganar fari da baƙi ce a gaba ba. Maganar ƙabila ce, da asali, da wane ne ɗan gari wane ne bare. Harshen ma kansa yana ɗauke da ita. In yaro ya karya Hausa sai a ce yana gwaranci, watau an ɗauki sunan wata al'umma an mai da shi sunan kuskure. Kalmar ƙabila kuwa, a bakin mutane da yawa, ta koma nufin duk wanda ba Bahaushe ba, sai ka ce Bahaushe shi ba shi da tasa.

Abin ya samo tushe tun daga tatsuniya. Tsakanin 1911 da 1913 wani Baturen mulki, Frank Edgar, ya buga Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa cikin juzu'i uku, kuma da dama daga abin da ke ciki malaman lardin Sakkwato ne suka rubuta da ajami. Da Neil Skinner ya zo fassara su da Turanci, sai da ya ware babi guda na labaran da ake zolayar ƙabilu, su Maguzawa da Gwarawa da Fulani da Barebari da Buzaye. A irin waɗannan labarai baƙo ba ya cika fita da mutuncinsa: ko dai wawa ne, ko bagidaje, ko mai wayon banza.

Masu kare al'ada za su ce ai wasa ne, kuma suna da hujja. Barkwancin taubasai, kamar na Fulani da Barebari, ko na Gobirawa da Yarbawa, ko Kanawa da Zazzagawa, ya kashe wutar faɗa da yawa, domin kowa yana da damar ramawa, kuma kowa ya san iyaka. Sai dai aji ba dandali ba ne. In malami ya karanta labarin wautar Bafillace a aji mai yara sittin, alhali biyu ne kaɗai 'ya'yan ruga, ba ramuwa a nan. Hamsin da takwas za su yi dariya, biyu su sunkuyar da kai, kuma laƙabin zai bi su har bakin rijiya. A yankin da manomi da makiyayi kan sami saɓani kowace damina, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ba wai adabin Hausa bai taɓa kallon ɗan Adam da idon tausayi ba. Cikin littattafan da suka fito a 1934 bayan gasar da Rupert East ya shirya akwai Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, labarin yaron da aka sace, aka ƙetara hamada da shi, ya girma a hannun Larabawa, uwarsa kuma ta bi sawunsa har ita ma ta faɗa bauta. Da wuya a sami littafin Hausa da ya fi shi nuna ciwon rabuwa da gida. Amma na manyan ɗalibai ne, ba na 'yan aji uku ba. Akwai kuma wata ɗabi'a ta marubuta da ya kamata a ambata, ko da a taƙaice: kyakkyawar yarinya a labari kusan kullum fara ce, doguwa, mai gashi har gadon baya. Baƙar yarinya da ke karatu tana lura, ko ba ta faɗa ba. Don irinta ne Lupita Nyong'o ta Kenya ta rubuta Sulwe a 2019.

Ta wajen hukuma, manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ake yi a inda yake zaune. A Jega da Aliero da Maiyama wannan na nufin Hausa, ko da yaron Badakkare ne ko Bazabarme. Hukumar ilmin makiyaya da aka kafa a 1989 ta yi littattafai da Fillanci, abin a yaba, amma don 'ya'yan ruga aka yi su. Ɗan cikin gari, wanda shi ne ya fi bukatar ganin ruga daga ciki, ba ya ganinsu.

Abin mamaki shi ne, garin Jega kansa labarin neman matsuguni ne. Malam Abdussalami, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ba Bafillace ba ne, Ba'are ne. Ya bar Gobir da jama'arsa ya zauna a Gimbana, kuma harin da mayaƙan Sarkin Gobir Yunfa suka kai musu a 1803 na cikin abin da ya jawo hijirar Shehu zuwa Gudu a 1804. Bayan an ci nasara, sai ya ga rabon da aka ba shi bai kai wahalar da ya sha ba. Daga Kware ya yi ta musayar wasiƙu da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya tattara bayanin a littafinsa Sard al-Kalam, har abin ya kai ga yaƙi, Abdussalami ya rasa ransa a 1818. Duk da haka zuriyarsa ba ta ɓace ba. Ɗansa Buhari shi ya kafa Jega a ƙarƙashin Gwandu, garin ya zama babbar kasuwar fatake, har yau kuma ana kiran mutanensa Gimbanawa, sarkinsu Sarkin Kabin Jega. A cikin wannan tarihi akwai ƙaura, akwai jin an ware mutum, akwai faɗa, akwai sulhu. Ɗaliban jami'a suna rubuta kundaye a kansa, amma da wuya a nuna ɗan littafi mai shafi ashirin da hotuna wanda ɗan firamare zai karanta.

Haka labarin Argungu. A 1934, shekarar da Shaihu Umar ya fito, Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci garin bayan tsohuwar gabar Kabawa da Sakkwato, aka yi masa bikin kamun kifi. Yara sun san su, sun san gora da homa, amma kaɗan ne aka gaya wa cewa bikin na sulhu ne.

Masu iya rubutun ba su yi nisa ba. Akwai jami'a a Aliero tun 2006, akwai kwalejin horar da malamai a Argungu, akwai kuma tsofaffi a Jega da Zuru da rugage waɗanda labaran ke bakinsu. Ma'aikatar ilmi ta jiha ce ke fitar da jerin littattafan da makarantu za su saya, kuma kamfanin ɗab'i ba ya buga abin da ba ya cikin jerin nan sai ya shirya yin asara.