Ruwan Da Ke Koro Mai Shi Ne Ke Cin Bututu

Idan ka taɓa tsayawa wajen masu ƙuli-ƙuli a Jama'a ko cikin garin Gwarzo, ka san yadda ake yi. An soya gyaɗa an niƙa, man na ciki amma ya ƙi fitowa, sai an riƙa zuba ruwan zafi kaɗan-kaɗan ana juyawa kafin ya taso. To injiniyoyin man fetur ma da ruwa suke lallaɓo nasu man, kuma shi ne hanya mafi araha da suke da ita. Matsalar ita ce, wannan ruwan shi ne babban abokin gabar ƙarfen da suka zuba kuɗi a kai.

Maganar ta fara shafarmu. A Nuwamban 2022 aka ƙaddamar da haƙar mai a Kolmani, kan iyakar Bauchi da Gombe, sannan a 2020 aka fara shimfiɗa bututun gas na AKK mai tsawon kilomita 614 daga Ajaokuta zuwa Kano.

Da farko ka cire hoton tafkin mai a ƙarƙashin ƙasa daga ranka. Man yana maƙale ne a 'yan ƙofofin dutse, kamar ruwa a soso. Idan aka huda rijiya, matsin da ke ƙasa yakan turo shi da kansa, amma abin da ake samu ta haka bai cika wuce kashi 5 zuwa 15 cikin 100 ba. Da matsin ya ragu sai a haƙa wasu rijiyoyin a gefe, a tura ruwa ta cikinsu ya koro man. Da wannan dabara akan kai kusan kashi ɗaya cikin uku, ko sama da haka kaɗan. Sauran yana nan a ƙasa.

Me ya hana a kwashe duka? Ruwa ya fi ɗanyen mai tsinkewa. Kamar yadda ruwan ban-ruwa ke samun ɓaraka a kunya ya bi ta nan ya bar sauran gona a bushe, haka yake ratsa man ya fito ta rijiya ya bar shi a baya. Maganin shi ne a ba ruwan kauri da sinadarin folima, abin da ƙasar Sin ta daɗe tana yi a filin Daqing tun shekarun 1990. Folimar shigo da ita ake yi, da dala, shi ya sa masu bincike a jami'o'in Najeriya ke gwada ƙaro da yauƙin kuɓewa. E, kuɓewar miya. A ɗakin gwaji suna ƙara yawan man da ke fita daga yashi. Ni dai ba na saurin yi musu guɗa, domin zafi da gishirin da ke ƙasa suna kashe yauƙi, kuma abin da mu muke ci, ƙwayoyin bakteriya ma suna ci.

Yanzu mu koma kan ƙarfe. Busasshiyar iskar gas ba ta yi wa bututu komai. Sai ta haɗu da danshi. Gas yakan fito tare da iskar kabon dayoksaid, wadda idan ta narke a ruwa take zama asid mai rauni, irin na lemon kwalba. Rauninsa kada ya yaudare ka: a ƙarƙashin matsi da zafi yana ƙwaƙule ƙarfe rami-rami, musamman a kwari inda ruwa ke kwanciya cikin bututu. Wadda ta fi ta sharri ita ce haidirojin salfaid, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ita tana sa ƙwayoyin haidirojin su kutsa cikin jikin ƙarfen, ya yi gautsi, ya tsage ba tare da ya nuna tsatsa a ido ba. A filin Kashagan na ƙasar Kazakistan an fara fitar da mai a Satumban 2013, cikin 'yan makonni bututai suka fara yoyo saboda wannan iskar. Sai da aka sake su, aiki bai dawo ba sai 2016.

Ga inda zaren biyu suka haɗu. Ruwan da ake turawa don koro mai, idan ba a cire masa iskar oksijin ba, yana cin bututun tun daga sama. Idan kuma ya shiga da bakteriya masu cin salfet, su ne ke ƙera haidirojin salfaid ɗin a can ƙasa, filin da a da ba shi da ita ya wayi gari da ita. Don haka duk wanda ya ce maka hanyarsa mai araha ce, tambaye shi ko ya sa kuɗin tace ruwa da na maganin tsatsa a lissafi.

Shi bututu irin AKK gas da aka busar zai ɗauka, saboda haka faɗansa ya fi yawa da ƙasar da aka binne shi a ciki, wadda ke jiƙa duk damina. Ana lulluɓe shi da roba mai kauri, sannan a yi masa dabarar da ka riga ka sani a kwanon rufin ɗakinka. Kwano ƙarfe ne da aka shafa wa zinki, zinkin ke fara zaizayewa ƙarfen ya tsira, sai ya ƙare ka fara ganin ja. A bututu akan binne dunƙulen zinki ko magnisiyam a ɗaura shi da waya, ko a saki 'yar wutar lantarki ta riƙa shiga jikin ƙarfen. Humphry Davy ne ya fara gwada wannan a jiragen ruwan Ingila a 1824. Ta ciki kuma akan tura wata na'ura da ma'aikata ke kira alade, ta share datti ta auna kaurin bango.

Waɗannan gajerun turaku da za ka gani jefi-jefi a kan layin bututu, da wayoyi a cikinsu, ta nan ake auna ko kariyar na aiki. Tagullar da ke ciki ba ta taka kara ta karya ba a wajen 'yan gwangwan, amma idan aka yanke ta, ƙarfen da ke ƙasa zai iya shekara yana ciwo ba wanda ya sani, a ƙarƙashin gonar wani.