Faifan da aka naɗa a Sakkwato ya kai Mdou Moctar Amurka

A shekarar 2008 ne wani matashin makaɗin jita daga jihar Tahoua ta Jamhuriyar Nijar, Mahamadou Souleymane, wanda aka fi sani da Mdou Moctar, ya sauka a Sakkwato ya naɗi faifansa na farko mai suna Anar.

Waƙoƙin da harshen Tamasheq na Abzinawa suke, amma duk wanda ya saba da waƙoƙin finafinan Hausa na wancan lokacin zai gane gidan da aka dafa su. Gangar ta na'ura ce, muryar kuma an bi da ita ta Auto-Tune, wadda ke sa murya ta riƙa karkarwa kamar ta ƙarfe.

Babu kamfanin da ya fitar da faifan a lokacin. Masu saurare ne suka yaɗa shi da kansu, daga waya zuwa waya ta hanyar Bluetooth da memori, irin yadda masu tura waƙoƙi ke cika wa mutane waya ranar kasuwa a Wudil da sauran garuruwa. Da haka waƙoƙin suka bi direbobi da 'yan ci-rani har arewacin Mali.

Wannan farin jini bai kawo wa mawaƙin kuɗi ba, domin waƙar da aka tura ta waya ba ta da rasit. Sau da yawa ma sunan mai ita kan ɓace a hanya.

Kunnen Turawa

Wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, mai kamfanin Sahel Sounds a birnin Portland, ya ci karo da ɗaya daga cikin waƙoƙin, Tahoultine, yayin da yake tattara kaɗe-kaɗe daga wayoyin jama'a a Mali. Ya sanya ta cikin wani faifan haɗaka da ya fitar a 2011, ya kuma nemo mawaƙin har ya same shi. Sai a 2014 kamfanin ya fitar da Anar a hukumance.

A lokacin masu sharhi a Turai da Amurka sun riga sun saba da kiɗan Abzinawa ta hanyar ƙungiyar Tinariwen, watau jita da tafi da muryoyin da ba a taɓa ba. Saboda haka abin da ya fi jan hankalinsu a Anar shi ne wannan muryar ta na'ura, wadda suka ɗauka a matsayin baƙon abu daga hamada.

Abin mamakin shi ne, salon da suke yabawa shi ne wanda masu suka a Kano suka daɗe suna kira kwaikwayon Indiya, suna cewa ya kori kalangu da kukuma. Kirkley kansa ya bi sawun sautin zuwa Kano, inda ya tattara waƙoƙin finafinai a faifan Harafin So na 2013.

Sauya salo

Mdou Moctar, wanda bahago ne, ya kuma haɗa jitarsa ta farko da wayoyin keke, bai zauna kan wannan salo ba. Ya kafa cikakkiyar ƙungiya tare da Ahmoudou Madassane da Souleymane Ibrahim da Ba'amurke Mikey Coltun, suka koma ga kiɗan rock mai ƙara da sauri, inda ya fitar da Ilana a 2019.

Faifan Afrique Victime, wanda kamfanin Matador na New York ya fitar a 2021, ya shiga jerin mafiya kyau na shekarar a jaridu da dama, har ana kwatanta shi da Jimi Hendrix. Kwatancen yabo ne, sai dai yana ɓoye hanyar da mutumin ya biyo, wadda ta ratsa ta situdiyon Hausawa.

Ƙungiyar na rangadi a Amurka lokacin da sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum a watan Yulin 2023, abin da ya hana 'yan Nijar ɗin komawa gida na wani lokaci. A 2024 suka fitar da Funeral for Justice, inda suka soki rawar da Faransa ta taka a ƙasarsu.