Rabin teburi da kwalin faifai: kasuwar mawaƙa masu cin gashin kansu a taron masoya wasan Touhou

Duk shekara da bazara, tun kafin hantsi ya dubi ludayi, layuka kan miƙe a ƙofar katafaren zauren baje koli na Tokyo Big Sight da ke babban birnin Japan. Taron da ake wa wannan sammako shi ne Reitaisai, wanda aka fara a 2004 domin masoya jerin wasannin kwamfuta da ake kira Touhou. Da yawa daga cikin masu layin faifan waƙa suka zo saye, kuma daga hannun wanda ya rera ko ya kaɗa za su karɓe shi.

Mai kasa kaya a nan ba shi da kamfani a bayansa. Shi kaɗai ne, ko kuma ƙaramar ƙungiya ta abokai. Watanni kafin ranar zai nemi gurbi, ya biya kuɗinsa, a ba shi rabin teburi da kujera. Sai ya kai waƙoƙinsa masana'antar buga faifai, inda zai yanke shawarar da ta fi kowace wuya, wato adadin da za a buga. Idan ya buga kaɗan, kaya su ƙare kafin azahar, ya sallami masu saye hannu rabbana. Idan ya zarce, ya koma gida da kwalaye, uwar kuɗi ta kwanta. Cikakken faifai yakan tashi kimanin yen 1,000, kuma da tsabar kuɗi aka fi yin cinikin, don haka tanadin canji ma aiki ne.

Zaure ne mai hayaniya, ba wanda zai tsaya ya saurari waƙa daga farko har ƙarshe. Saboda haka talla takan riga ranar kasuwa: mawaƙi ya yanko 'yan daƙiƙoƙi daga kowace waƙa, ya haɗa su wuri guda, ya ɗora a YouTube ko dandalin Niconico. Mafi yawan masu saye sun gama zaɓe tun daga gida, da lambar teburi a rubuce. Abin da ya rage bayan an tashi akan kai shi shaguna irin su Melonbooks su sayar, su cire ladansu.

Sai dai akwai wani abu da wannan kasuwa gaba ɗaya ta dogara a kansa. Galibin waƙoƙin da ke kan teburan nan an gina su ne a kan kiɗan da ke cikin wasannin, wanda mutum ɗaya ya tsara: Jun'ya Ota, da aka fi sani da ZUN, wanda tun shekarun 1990 yake ƙirƙirar Touhou, shi ne mai zane, shi ne makaɗi. A doka haƙƙin mallaka nasa ne. Amma ya zaɓi ya buɗe ƙofa, ya fitar da ƙa'idojin da suka bar masoya su sake sarrafa aikinsa su sayar a ƙaramin mataki, muddin sun bayyana tushen abin. Daga wannan sassauci ne waƙar "Bad Apple!!" ta fito: kiɗa ne na wasan 1998, ƙungiyar Alstroemeria Records ta sabunta shi a 2007, bidiyonsa mai baƙi da fari ya zagaye duniya daga 2009.

Wanda ya ɗauki kiɗan wasan wani babban kamfani ba lallai ya sami wannan inuwar ba. Yakan rayu ne a kan kawar da kai, wanda mai haƙƙi zai iya janyewa duk ranar da ya ga dama. Wannan rauni ya fito fili lokacin da Japan take tattauna yarjejeniyar kasuwanci ta TPP, wadda ta nemi a ba hukuma ikon gurfanar da mai keta haƙƙin mallaka ko da mai haƙƙin bai kai ƙara ba. Hankalin masu teburi ya tashi, domin shirun mai haƙƙi shi ne jarinsu. A 2016 Firaminista Shinzo Abe ya shaida wa majalisa cewa ayyukan masoya ba sa gogayya da na asali a kasuwa, don haka sabon tanadin ba zai shafe su ba. Gyaran dokar da ya fara aiki a ƙarshen 2018 ya taƙaita ikon ga masu kwafe aikin wani yadda yake domin riba ko cutar da mai shi. Masu tsara dokar sun bambanta ɗan fashin faifai da mai sake ƙira, kuma a nan sun yi hangen nesa.

Abin da doka ba ta iya karewa ba shi ne ranar kasuwar kanta. A 2020 annobar korona ta sa aka soke Comiket na watan Mayu, taro mafi girma na irin wannan sana'a, wanda yake gudana tun 1975. Mawaƙan da suka saba haɗa kuɗin buga faifai na gaba daga cinikin yini guda sun koma sayarwa ta intanet, inda babu layi, babu kuma mai saye da zai miƙo kwalin faifai ya roƙi a sa masa hannu.