Sunan da Ba a Yi wa Ƙaidi Ba

A watan da ya shige wani ɗan ƙanwata ya same ni a gida nan Ribah bayan sallar la'asar, waya a hannu, fuska a murtuke, ya ce ya cike takardar neman shiga soja ta intanet, ya biya kuɗin da aka nema, amma ga shi mako uku babu amsa, shafin ma ya daina buɗewa. Da na karɓi wayar na duba sunan shafin a tarihin abin da ya buɗe, sai na ga farkonsa ya zo daidai da na rundunar sojan ƙasa, amma wutsiyarsa ta wani ce dabam. Na ce masa, "Kai yaro, ba ka ji rundunar tana ta shela cewa cike takardar kyauta ne ba, kuma sunan shafinta da mil.ng yake ƙarewa?" Ya ce, "Kawu, ai ga sunan soja nan a rubuce, na gan shi da idona." Gaskiya ya faɗa, ya gan shi, sai dai bai san cewa kama da wane ba ta wane ba. A ƙasarmu ta Zuru kuwa, wadda ta ba Nijeriya hafsoshi irin su Laftanar Janar Ishaya Bamaiyi, wanda ya shugabanci sojan ƙasa daga 1996 zuwa 1999, da marigayi Sarkin Zuru Manjo Janar Muhammadu Sani Sami, kuma da wuya ka shiga gida babu wanda ya taɓa sa kaki, wannan tarko ba zai rasa abin kamawa ba.

Ban ga laifin yaron ƙwarai ba, domin a cikin makon nan ne Allah ya nuna mini cewa na'urar da aka ɗora wa amanar tantance sunaye, wadda ba ta gajiya kuma ba ta da kwaɗayin aikin soja, tana iya yin kuskuren da ya yi ba ragi ba ƙari, matuƙar wanda ya rubuta mata umarni ya yi sakaci. Wani matashi mai kula da shafin wata makaranta ya kawo mini kundin tsarin sabarsu, wato na'urar da ke ɗauke da shafin, in duba masa wata matsala, sai idona ya faɗa kan layin da ke faɗa wa sabar sunayen da za ta amsa, na tarar an bar shi ƙofa uku a buɗe. Tun daga ranar na nemi a nuna mini wasu kundayen, kuma abin da na gani ya sa na sakankance cewa al'amarin ya zama ɗabi'a a tsakanin matasanmu masu wannan sana'a, asalinsa kuwa taƙlidi ne, ba ƙarancin kayan aiki ba.

Sunan shafi, tun da Paul Mockapetris ya tsara shi a 1983, daga dama ake karanta shi, kamar yadda muke karanta ajami, kuma nasaba ce: a recruitment.army.mil.ng, ng ne kaka, mil ɗansa, army jikansa, har zuwa autan da ke hagu. Wanda ya mallaki wutsiya yana da ikon rubuta duk abin da ya ga dama a hagunta, ko da sunan soja ne ko na banki, babu mai hana shi. Hukumar NiRA, wadda aka kafa a 2005 don riƙe ng, ta keɓe rassa kamar gov.ng da mil.ng da edu.ng ga hukumomi da sojoji da manyan makarantu, ba a samunsu sai da hujja. Amma suna a ƙarƙashin com.ng, ko kai tsaye a ƙarƙashin ng, kowa da kuɗinsa. Ke nan abin da ɓarawon da ya cuci ɗan ƙanwata ya yi shi ne abin da malaman hadisi suke kira tadlisi, wato kawo isnadi mai kyan farko a ɓoye illar da ke cikinsa.

Ita sabar kuwa, dalilin da ya sa tilas ta tantance suna shi ne na'ura ɗaya tana ɗauke da shafuka masu yawa a adireshi ɗaya, kamar gidan haya mai zaure ɗaya, shi ya sa tun daga 1997 aka wajabta wa kowace waya ko kwamfuta ta ambaci sunan shafin da take nema a cikin saƙonta. Manhajar nginx, wadda Igor Sysoev ɗan Rasha ya fitar a 2004 kuma ita na fi gani a hannun yaranmu, tana bin tartibi sananne: ta fara neman sunan da ya dace harafi da harafi, in babu, ta duba wanda aka sa wa tauraro a farko, sannan wanda aka sa wa a ƙarshe, sai in duk waɗannan sun gaza ne take komawa ga rariyar haruffa, wadda masu sana'ar suke ce wa regeks, ta ɗauki ta farkon da ta dace a cikin kundin. Wanda ya tsara manhajar da kansa ya ajiye rariyar a sahun ƙarshe, amma matasanmu da ita suke farawa.

Ba na raina wannan ilimi. Masanin lissafi Stephen Kleene ne ya aza harsashinsa a 1951, Ken Thompson ya shigar da shi cikin kwamfuta wajen 1968, Philip Hazel na Jami'ar Kambirij kuma ya rubuta manhajar PCRE a 1997, wadda nginx da takwararta Apache duka suke amfani da ita. Abin da rariyar take yi shi ne siffanta sunaye da yawa da layi ɗaya, wato ta'arifi ce, kuma duk wanda ya zauna gaban malami ya karanci manɗiƙi ya san sharaɗin ta'arifi, cewa ta zama jami'a mani'a, ta tattaro duk abin da ake nufi, ta kuma hana duk abin da ba shi ba. Matashin nan ya cika sharaɗin farko, domin duk rassan shafin makarantar suna buɗewa, shi ya sa ya ɗauka aiki ya ƙare. Na biyun kuwa bai taɓa jarraba shi ba, saboda babu wanda zai buga masa waya ya yi ƙorafin cewa baƙo ya shigo.

Bari in kwatanta da sunan da na ƙirƙira, misali.edu.ng. Ya rubuta ~misali.edu.ng kurum. Aibi na farko, bai sa alamar dala a ƙarshe ba, wadda ke cewa nan suna ya tsaya, don haka misali.edu.ng.wani.com ya dace, alhali na mai wani.com ne. Na biyu, bai sa alamar ^ a farko ba, don haka duk sunan da aka liƙa wa haruffa a gaba ya wuce. Na uku shi ne mafi ɓoyuwa: a wannan yare ɗigo ba ɗigo yake nufi ba, yana nufin kowane harafi, sai an sa masa karkatacciyar sanda a gaba yake komawa ɗigo na haƙiƙa; saboda haka misalixedu.ng ma ya dace, shi kuwa suna ne da kowa zai iya saya yau. A bakin malaman usulu, ya bar lafazi muɗlaƙi a inda ake bukatar muƙayyadi. Littafin jagora na nginx ya yi gargaɗi a kan waɗannan abubuwa a fili, a sakin layi ɗaya.

Abin da ke biyo baya ba wai ɓarawo ya fasa sabar nan take ba ne, kuma watakila da haka ne da an fi kula. Manhajoji da yawa suna ɗaukar sunan da baƙo ya ambata su gina mahaɗai da shi. Sai ɓarawo ya aika wa sabar saƙo da sunan bogi wanda rariya ta yarda da shi, ya ce ɗalibi wane ya manta kalmar sirrinsa. Sabar ta aika wa ɗalibin wasiƙa ta gaskiya daga makarantarsa ta gaskiya, amma mahaɗin da ke ciki yana kaiwa gidan ɓarawo, kuma da zarar ya danna, mabuɗin asusunsa ya tafi. Wani mai bincike ɗan Ingila, James Kettle, ya bayyana wannan dabara dalla-dalla tun 2013. Wanda zai cutu a nan shi ne ɗalibin Ribah ko Wasagu ko Bena, wanda ya zaɓi ya biya kuɗin makaranta a shagon kwamfuta saboda nisan Birnin Kebbi da halin da hanyoyinmu suke ciki na 'yan bindiga, kuma wanda a wannan karon ko karatun suna daga dama ba lallai ya cece shi ba, tun da wasiƙar daga inda ya amince ta fito.

Sababin yaɗuwar abin, a ganina, yana cikin yadda ake koyon sana'ar da yadda ake biyanta. Cikin 'yan shekarun nan kowace hukuma da makaranta ta koma intanet, har Zuru ta sami Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya a 2020, kuma kowane shafi sai ya yi rassa, na ɗaukar ɗalibai, na biyan kuɗi, na sakamako, na ma'aikata. Yaron da aka ba aikin, wanda galibi ya koya ne da kansa a waya cikin dare, yana so ya huta da ƙara layi duk lokacin da aka buɗe sabon reshe, sai ya nemo layin da wani ya rubuta don wata bukata, ko ya tambayi manhajar basirar na'ura, ya liƙa, ya ga shafi ya buɗe, ya yi hamdala. Babu malamin da ya karanta wa ya gyara masa, kamar yadda almajiri ba ya wanke allo sai malam ya saurare shi. Sannan aikin kwangila ne: a biya a kan shafi ya buɗe ranar da shugaba zai gani, ba a ware ko sisi don wani ya zo ya gwada shi da sunayen ƙarya, kuma bayan shekara wanda ya rubuta layin ya koma Abuja, wanda ya gaje shi yana tsoron taɓawa. Haka kuskure yake zama gado, a kwafe shi daga wannan sabar zuwa waccan.

Akwai masu cewa na matsa wa rariya, kuma ba su rasa hujja ba. Suna cewa ko babu ita, nginx tana miƙa duk sunan da ba ta gane ba ga shafin da aka ajiye a matsayin na asali, in ba a ajiye ba ta ba na farko, don haka ƙofar dama a buɗe take. Suna cewa mai rassa ɗari ba shi da makawa sai rariya. Suna kuma cewa mafi yawan 'yan damfara, kamar wanda ya cuci ɗan ƙanwata, ba su ko kusanci sabar gaskiya. Na yarda da duka ukun. Sai dai na farkon ƙarin aiki ne ya nuna, ba uzuri ba. Na biyun bai shafi makaranta mai rassa huɗu ba. Kuma wanda yake ganin ya ƙware har ba ya bukatar mai duba masa ya tuna da 2 ga Yuli 2019, ranar da layin rariya guda ɗaya ya cinye ƙarfin na'urorin kamfanin Cloudflare, shafuka masu ɗimbin yawa a duniya suka tsaya na minti 27.

Na ukun ne ya fi damuna, domin a nan ma hannun hukumomi bai fita ba. Duk lokacin da wani ofishi ya sanar da ɗaukar ma'aikata ta gajeren mahaɗi a WhatsApp, ko ya buɗe shafi a wajen gov.ng don ya fi sauƙin samu, yana koya wa jama'a cewa wutsiyar suna ba ta da muhimmanci. Alamar kwaɗo da aka daɗe ana cewa a duba ita ma ba shaida ba ce, domin tun da Let's Encrypt ta fara raba takardun tsaro kyauta a 2015 ɓarawo yana samunta kamar kowa, har Google ta cire alamar daga Chrome a 2023 saboda mutane suna ɗaukarta a matsayin tabbacin amana.

Kundin makarantar nan mun gyara shi tare da matashin kafin magariba. Muka goge rariyar gaba ɗaya, muka rubuta sunan da ɗigo a gabansa, wanda a nginx yake ɗaukar sunan da dukan rassansa ba tare da ya ɗauki baƙo ba, muka ƙara wani sashe na asali mai katse duk sunan da ba a sani ba da lambar 444. Ya gwada da sunayen ƙarya uku, sabar ta ƙi su duka. Ɗan ƙanwata kuma kuɗinsa ba su dawo ba; yana gona yanzu, yana jiran rundunar ta sake buɗe ɗauka, kuma mun yi da shi cewa kafin ya cike komai zai kawo mini wayar mu karanta sunan tare.